Hannun Daman Kawu

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Abin da na iya faɗa ke nan a bakin ƙofar Kawu a unguwar Ard al-Liwa, na sake faɗa a kan matakala, don wata maganar ba ta zo mini ba. Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya rasu da hantsin wata Talata, cikin sanyin farkon shekarar 2015, a birnin Alƙahira inda ya tsufa yana koya wa mutane Turanci.

Wanda ya fi kowa kuka ranar shi ne bawwab, wato mai gadin benen, wani ƙaton Bamasare mai murya kamar ganga. Ya zauna a kan bencinsa ya rufe fuska da bakin rawani, ba abin da yake cewa sai, "Ya hagg, ya hagg," wato "Alhaji, Alhaji." Mai kemis na bakin layi ya ja ƙofar shagonsa ya hau sama da farar rigarsa ta aiki. Wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da ke zaune a hawan da ke ƙarƙashin na Kawu, wadda duk muke kira Hajja, ta ɗora babbar tukunyar shayi, ta bi maƙwabta ta aro kofuna, ta jera su a faranti har suna hawa kan juna. A tunaninta duk Hausawan Alƙahira za su cika gidan kafin azahar.

Namu kuwa, ɗaliban jami'o'in addini waɗanda Kawu ya zaunar a ɗakin nan shekara da shekaru, sai ɗaiɗai suke zuwa, su tsaya daga bakin ƙofa da takalmansu a ƙafa. Na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa a hankali, "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ilimi. Sai dai girman kai." Ɗayan ya ce, "To, ya tafi inda ba a yi." Ba su san ina bayan labule ba. Ko sun sani ma ban ga abin da zai hana su ba, domin maganar da ake yi ke nan tun da daɗewa, har a cikin falona.

Hajja ta dubi kofunanta, ta dube ni, ta ce, "'Yata, ina mutanenku?"

Na ce, "Suna hanya, Hajja. Kin san cunkoson garin nan."

Mahaifiyata ta kira daga Zariya tana kuka, da ta ɗan tsagaita ta tambaye ni, "An dai taru ko?" Na ce an taru, Inna. Na kashe wayar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ita ce ta sa nake wannan rubutu. Akwai sunan da aka laƙaba wa Kawu a garin nan, ba na so a riƙa tuna shi da shi.

Malamin Turanci ne tun a gida. Aiki ya kawo shi unguwar Ma'adi, koyar da 'ya'yan ma'aikata 'yan ƙasarmu. Ya zo da matarsa, 'ya'yansu suka girma suka koma gida, su kuwa suka zauna. Da matar ta rasu aka binne ta a nan, sai ya bar Ma'adi da inuwar itatuwanta ya koma Ard al-Liwa, inda tuktuk, a-daidaita-sahunsu, ke bin mutum har kan ƙafa. Dogo ne siriri mai dogayen hannuwa. In ya tsaya a metro, jirgin ƙasan cikin gari, ƙarfen can sama yake kamawa, ya riƙa kallon kawunan mutane. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, saboda haka "Uwata" yake kirana, ko da faɗa zai yi mini.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar ɗakinsa kan cika da ɗalibai. Sun ƙoshi da Larabci, wasunsu in suna magana sai ka rantse littafi ne ya buɗe baki, amma sun san in suka koma gida Turanci zai tare su a kowace ƙofa. Kyauta yake koya musu. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk sabon ɗalibi sai ya yi darasin gwangwani.

Gwangwanin madara ne babba, cike da alewa, yana can saman kabad daf da silin. Kawu zai nuna shi ya ce wa sabon zuwa, "Ustazu, tashi. Reach." Bawan Allah zai tashi yana waige-waige, ya miƙa hannu, ya yi ɗage, yatsunsa na lilo a iska, sauran na ta dariya. Sai Kawu ya ce ya tsaya a haka, kada ya sauke.

"Ku dube shi da kyau. Bature ya yi rowa a nan, kalma ɗaya ya raba wa ayyuka da yawa. Mikrobas ya kai ka tashar Ramsis, ka isa: reach. Ka kira babanka a waya, layi ya shiga, ka same shi: reach. Ruwa ya kai gwiwa a layinmu, yaro ya kai shekarun azumi, ku da mai gidan haya kun gama gardama kun cimma matsaya, duk ita ce. Amma uwarsu duka ga ta nan a tsaye a gabanku: mutum ya miƙa hannu zuwa ga wani abu."

In wani ya ce, "Ba stretch ba ne, Kawu?" sai ya harare shi ta saman tabarau. "Stretch miƙar wanda ya tashi daga barci ce, ba abin da yake nema, jikinsa kawai yake warwarewa. Wannan kuwa alewa yake so. In ka ce he reached for it, ya miƙa hannu, Allah kaɗai ya san ko ya samu. In ka ce he reached it, an gama, gwangwani na hannunsa. Khalas, zauna, Ustazu, kai a for ka tsaya."

Daga nan sai ya tashi, ba ɗage ba komai, ya miƙa hannun damansa ya sauko da gwangwanin kamar a kan tebur yake, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa wa kowa alewa a tafin hannu. Manyan mutane masu gemu, wasu da 'ya'yansu, suna tsotsar alewa suna maimaita jimloli. Na san waɗanda yau suke wa'azi a gida, da za a tashe su daga barci a tambaye su ma'anar kalmar nan, hannu za su fara ɗagawa sama.

Ni ma ban tsira ba. Duk wanda ya bar gidansa, dole in ya isa ya kira ya faɗa da Turanci. Karon farko da na kira na ce, "Kawu, I have reached," sai ya ce, "Kin isa ina, Uwata? Kasuwa? Lahira? Bature ba ya barin ta tsirara, sai an faɗi wurin." Na ce home. Ya ce, "Tamam. Yanzu hankalina ya kwanta." Na daɗe kafin in gane ba jimlar ce ta dame shi ba, so yake ya ji na shiga gida lafiya. Har yanzu in na buɗe ƙofar gidana hannuna kan tafi wurin waya.

Kuma mutum ne mai son gaisawa. In ya kama hannun mutum ba ya saki sai an gama tambayar karatu da sanyi da mutanen gida, wani lokaci ma da hannun a nasa zai raka baƙo har bakin titi. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa abin da ya biyo baya ya yi wa mutane ciwo.

Ni a 2011 na zo, ina amarya, garin ma bai gama natsuwa daga juyin juya hali ba. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin hadisi, muna zaune a Arba wa Nus, can ɗaya ƙarshen gari. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. In zan tambaye shi ko miya ta yi daɗi, sai na fara shirya wa amsar. Ranar da muka fara zuwa gaida Kawu, ni na durƙusa kamar yadda aka koya mini, shi kuwa ya tsaya ƙyam ya miƙa hannu.

Kawu ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, "Uwata, wannan ne surukin nawa? A garinmu in suruki ya shigo ƙasa yake nema."

Maigidana ya ce, "Kawu, a gafarce ni. Durƙuso na Allah ne. Musafaha ita ce sunna."

"Ni ban ce ka bauta mini ba, Ustazu. Cewa na yi ka rage tsawo."

Suka kama. Wannan ya jawo hadisi, wancan ya jawo ladabi da tarbiyyar gida, shayi ya huce aka sake ɗorawa, ni ina ɗakin girki ina addu'ar kada aurena ya mutu tun lalle bai goge ba. Daga ƙarshe Kawu ya tuntsire da dariya, ya kama hannun maigidana da hannuwansa biyu ya girgiza, ya ce, "Ka ci. Amma duk ranar da na ga dama zan ɗauki fansa." Wasa yake yi. Alhamis na zagayowa maigidana ya zauna a darasi, shi ma ya yi na gwangwani, bai kai ba. Sai dai labarin gardamar ya zagaye ɗalibai, aka riƙa ba da shi a matsayin ranar da sunna ta kayar da al'ada, kuma kowa ya ajiye maganar fansar nan a ransa.

A bazarar 2013 garin ya sake rikicewa, mutane suka rage ƙetare shi, darasin Alhamis ya tsaya na ɗan lokaci. Ina da ciki lokacin. Da hanya ta lafa na tuƙa tuwo da miyar kuka na ɗauka, mikrobas, metro, tuktuk, na isa da rana tsaka. Ƙofar ba a rufe take sosai ba, na tura da sallama.

Yana zaune a tebur yana cin wake da cokali a hannun hagu. Gaban rigarsa duk ya ɓaci da mai. Hannun daman na kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Da ya gan ni ya saki cokalin ya sunkuyar da kai. Dattijon da ya goyi mahaifiyata a bayansa, shi ne ya sunkuyar da kai a gabana don na gan shi yana ci da hagu.

"Uwata, rufe ƙofa."

Hawan jini ne ya buge shi wata safiya. Bawwab da mai kemis suka kai shi asibiti. Baki da ƙafa sun dawo daidai, hannun ne likita ya ce sai dai haƙuri. Na ce bari in kira yayana, babban ɗansa da ke Kaduna. Ya ce in ajiye wayar.

"In ya ji, mako ba zai zagayo ba sai ya zo ya naɗe ni ya sa a jirgi. Kuma gaskiyarsa ce, ɗa ne. To wa zai je mata ranar Juma'a?"

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci maƙabarta yake zuwa wurin matarsa, ya yi addu'a, ya ɗan zauna. Ya daɗe da shirya a kwantar da shi a can in tasa ta zo.

Na ce to, bari in gaya wa maigidana shi kaɗai. Ya girgiza kai. "Shi ne ma ba za a gaya wa ba. Mijinki ba ya ƙarya. Yayanki na kiran sa ya ce yaya jikin Baba, zai faɗa masa har sunan magani. Uwata, na haɗa ki da Allah. Muddin ina numfashi."

Na yi alkawari ina kuka, ina tsince wake daga rigarsa.

Ɓoyewar ba ta yi wuya kamar yadda za ku zata ba. Ya koma sa babbar riga ko'ina, hannun na ciki. Sallah dama sakin hannu yake yi irin na tsofaffinmu, kuma tuni gwiwa ta sa shi yi a kujera. Rubutu a allo ya ce ɗalibai su riƙa yi, wai don su saba. Walima da buɗa-baki ya daina zuwa, in ya je ma ba ya taɓa abinci, don ba zai ci da hagu a gaban jama'a ba. Gwangwani ya zauna a saman kabad. Na ce, "Kawu, ai hagun ma tana kaiwa." Ya ce, "Tana kaiwa. Amma alewar da za a ba ɗan mutane da hagu gara ta zauna inda take."

Gaisuwa ce ta ƙi ɓoyuwa. Ɗalibi zai shigo da fara'a ya miƙa hannu, Kawu ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Ustazu, sannu da zuwa, zauna," hannun ɗalibin na tsaye a iska har ya gaji ya sauke ya shafa a riga. Na roƙe shi ya riƙa ba da hagun ya ce ƙurji ne ya fito masa. Ya ce tunda aka haife shi bai taɓa miƙa wa mutum hagu ba, kuma ƙurjin da zai shekara bai warke ba shi ma labari ne da zai kai Kaduna.

Da Bamasare ne ya ga haka, nan take zai ce, me ya sami hannunka, ya hagg? Mu ba ma yi wa babba irin wannan tambayar. Mukan yi shiru, mu koma gida mu nemo dalili da kanmu. Ɗalibai kuwa ba su sha wahalar nema ba, dalili na ajiye tun ranar gardama. Aka ce tsoho ya fara ɗaukar fansa: durƙuso yake so, ba zai sake karɓar hannun kowa ba sai an kai masa gwiwa ƙasa.

Ranar sunan 'yata abin ya fashe. Maigidana bai gaya wa kowa ba, har ni, ya yanke shawarar sa mata sunan matar Kawu. Falonmu cike da ɗalibai tun da safe, ni ina ɗaki, ƙofa a ɗan buɗe. Kawu ya ƙetaro gari ya zo cikin farar babbar riga. Da aka faɗi sunan na ga leɓensa na rawa. Maigidana ya taso ya tsaya a gabansa ya miƙa hannu. Kawu ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Ustazu," hannunsa na cikin riga.

Maigidana ya haɗiye abin. Ya shigo ya karɓi jaririyar daga hannuna, ya koma, ya miƙa masa ita da hannu biyu. "Kawu, ga takwarar marigayiya. A sa mata albarka."

Kawu ya dubi yarinyar, ya ja da baya har bayansa ya manne da kujera. "Riƙe ta, Ustazu. Riƙe ta da kyau. Zan yi mata addu'a daga nan."

Falon ya yi tsit. Ya yi addu'ar, doguwa, muryarsa na karyewa, mutane suka amsa da ƙyar. Kafin a kawo nama ya tashi ya tafi.

Maigidana ya shigo ya ajiye mini yarinyar, idanunsa jajur. "Kin gani ko? A gaban mutane. Na ba ta sunan matarsa, ya ƙi taɓa ta, don ban durƙusa ba. Khalas. Ke ki je, kawunki ne, ban hana ki ba. Ni na gama."

Maganar na bakina, har ina jin ɗacinta. Na gyara wa yarinya zani na ce Allah ya huci zuciyarsa.

Daga nan Alhamis ta mutu. Wannan ya daina zuwa, wancan ya bi shi, har waɗanda suka shigo ƙasar daga baya, ba su taɓa ganin Kawu ba amma sun san labarin tsohon da ke son a durƙusa masa. A falona ake zama ana ba da shi. Wani ma har kwaikwayonsa yake yi, ya cusa hannu a riga ya ɗaga hanci, a yi ta dariya. Ni ke kawo musu shayi. Ina jin kunyar Kawu, ina jin kunyar mijina, mutumin kirki yana cin naman majinyaci bai sani ba, ga ni kuma tsaye a tsakiyarsu da faranti a hannu.

Na sha komawa in roƙi Kawu ya warware mini alkawarin. Na gaya masa abin da ake cewa, ban rage komai ba. Ya yi 'yar dariya. "Bar su su ce girman kai, Uwata. Mai girman kai ba a sa shi a jirgi." Daga nan ya tambaye ni, kamar kullum, ko Ustazu ya kusa kammala karatu, ko yana cin abinci da kyau.

Ba zan ce muku abin bai dame shi ba. Duk Alhamis da la'asar yakan sa bawwab ya hawo ya jera kujeru, wai ko wani zai zo. Bawwab ya gaya mini daga baya cewa shi yake zama a ta gaba don kada a ce ba kowa, Kawu na koya masa gaisuwar safe da Turanci, kafin wata Alhamis ya manta, a sake daga farko.

'Yata kaɗai ce ta san hannun. "Amaryata" yake ce mata, yana tsokanarta wai ta fi ta farkon rowa. Da ta fara rarrafe takan kama rigarsa ta miƙe, ta laluba ta ciro hannun nan, ta riƙa jan yatsun tana ƙyalƙyala dariya. Ba ya hana ta. Yakan ce, "Kin gani, Uwata, har yanzu akwai mai gaisawa da ni."

Mu koma ranar Talata. Bawwab ne ya same shi a kujerarsa, carbi a hannun hagu. Ya kira ni, na gaya wa maigidana, ya ɗauki hularsa. Yayana ba zai iso ba sai washegari, ya ce a yi wa Baba sutura kada a jira shi. Ba wani namiji na jini a kusa, saboda haka wanka ya faɗo kan suruki. Maigidana ya naɗe hannun riga ya shiga, mai kemis na zuba masa ruwa.

Sun daɗe. Ina ɗakin girki da Hajja da kofunanta. Can sai ga maigidana ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa a jiƙe, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Hannunsa na dama. Ya ƙanƙance, sai ƙashi. Na yi na yi ya miƙe, ya ƙi." Ya dube ni. "Tun yaushe?"

"Tun kafin suna."

Ya dafa bango. Na san a ransa ya koma falonmu, yana tsaye da jaririya a hannu. Ya ce a hankali, "Tsoro ya ji kada ya yar da ita."

Na ce, "Eh."

"Kin sani."

"Ya haɗa ni da Allah. In yaya ya ji zai mai da shi gida, a raba shi da kabarin matarsa."

"To ni fa? Me ya sa ni bai gaya mini ba?"

"Na roƙe shi. Ya ce kai ba ka ƙarya."

Mutumin da bai taɓa kai gwiwa ƙasa don wani ɗan Adam ba, sai ga shi a kan gwiwoyinsa. Ya zube a nan bakin ƙofar ɗakin girki ya rufe fuska. Hajja ta juya baya tana wanke kofin da ba a sha da shi ba.

Da ya tashi ya wanke fuska ya fita wurin 'yan ɗaliban da ke bakin ƙofa. Bai yi wa'azi ba, bai jawo aya ko ɗaya ba. Ya ce, "Hannun Kawu a shanye yake. Ni na wanke shi. Duk wanda ya miƙa masa hannu bai karɓa ba, ba ƙi ya yi ba, kasawa ya yi. Maganar girman kai daga bakina ta fara. Ku kira kowa ku gaya masa, ku ce ni na faɗa." Wanda ya ce Kawu ya tafi inda ba a yi, shi ya fara cire takalmi.

Kafin la'asar layin ya cika, tuktuk ba ya iya wucewa. Aka kai Kawu maƙabartar da matarsa take, aka kwantar da shi inda ya zaɓa. Washegari yayana ya sauka, da ya ji labari ya riƙa buga ƙafa yana kuka yana cewa, "Wallahi da na sani da tuni na ɗauke shi." Na ce masa Kawu ya san da haka.

Har yau ban sani ba ko taron nan rage mini kunya ya yi ko ƙara ta. Duk mutanen nan suna garin nan kowace Alhamis da bawwab ya jera kujeru. Mun iya ladabin da zai hana mu tambayar babba, ga shi bai hana mu yanke masa hukunci ba. Cikinsu ba wanda ya taɓa hawa benen ya ce, Kawu, lafiya kuwa?

Addu'ar uku ta faɗo ranar Alhamis. Ɗakin ya cika har matakala, kofunan Hajja suka kasa. Bayan an shafa, maigidana ya tashi ya tsaya gaban kabad. Ya miƙa hannu, ya yi ɗage, yatsunsa na lilo a iska, ba wanda ya yi dariya. Yayana ne ya taso, dogo ne kamar ubansa, ya sauko da gwangwanin ya goge ƙurar da bakin rigarsa ya miƙa masa.

Alewar ta daɗe, ta narke ta sake daskarewa, ta manne da takardunta. Maigidana ya riƙa ɓallowa yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana sa wa kowa a tafin hannu da damansa, yana cewa, "Daga Kawu." Ba wanda ya ƙi karɓa. Manyan mutane masu gemu suka zauna suna tsotsar tsohuwar alewa da takarda a jikinta, kawunansu a ƙasa, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Ta ƙarshe ya kawo mini bayan labule, na ɓantara kaɗan na sa wa amaryar Kawu a harshe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da matarsa inda ba a rabuwa, mu kuma ya yafe mana abin da muka faɗa ba da sani ba. Ranar da za a miƙa wa kowa littafin aikinsa, Allah ya miƙa masa nasa ta dama, ya ba hannun ƙarfin karɓa.